Kunne a Bakin Titin Maiwurno

Maiwurno gari ne a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Titin da ya taso daga Hartum ya ratsa Wad Madani da Sinnar, ya nufi Sinja da Damazin, shi ne jijiyar wannan yanki. A kansa ake kai dawa da riɗi kasuwa, shi kuma yara ke tsallakawa zuwa makarantar allo. Duk mai shago a bakin titi ya san motoci na wuce kima, amma in ya kai kuka gaban hukuma, ba shi da lissafin da zai ajiye.

Na'urar auna gudu da sauti za ta iya ba shi wannan lissafi. A kafa makirufo biyu a gefen titi, da tazarar mita 20. Motar da ƙararta ta kai ƙololuwa a na farko, ta kai a na biyu bayan daƙiƙa 1, tana gudun kilomita 72 a awa. Akwai kuma abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842: ƙarar motar da ke tahowa takan yi kaifi, in ta wuce sai ta yi kauri, girman bambancin kuwa yana nuna saurinta. Ƙaramar kwamfuta da faifan sola sun isa aikin.

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a ƙasar da guguwar habub ke rufe ido, kyamara takan makance, ga tsada, ga neman haske da dare. Kunne ba ruwansa da duhu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ɗaiɗaita Jazira da Sinnar, don haka duk gyaran da zai biyo baya, da kuɗi kaɗan za a yi shi.

Masu shakka suna da hujja. Iska tana cika makirufo da hayaniya, babbar mota tana danne ƙarar raksha, motoci biyu in suka jera sai lissafi ya rikice. Zafi ma yana sauya saurin sauti: mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, kusan 355 a digiri 40. Sannan na'urar ba ta karanta lambar mota. Saboda haka bai dace a ci direba tara da shaidarta ba.

Amfaninta shi ne tara shaida ta tsawon makonni: wace sa'a aka fi gudu, a wane wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Da irin waɗannan alƙaluma dattawan gari za su nemi tuddan rage gudu a gaban kasuwa da makaranta, su kuma sake aunawa bayan an gina, don a ga ko direbobi sun sassauta. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Jazira da ke Wad Madani za su iya harhaɗa na'urar, matasan gari su riƙa share mata ƙura.