Gida da Makaranta: In Kiɗa Ya Sake, Rawa Ma Sai Ta Sake

 A wannan wata za mu yi magana a kan yaran da ake bari a baya cikin aji, wato waɗanda ba sa gani sosai, ko ba sa ji, ko kuwa shan inna ya taɓa ƙafafunsu.

Bari mu ɗauki Boɗinga da Shagari, bisa hanyar Sakkwato zuwa Jega. Garuruwa ne da aka sani da ilimi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Boɗinga, Alhaji Shehu Shagari kuwa malamin makaranta ne tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. To, amma yaro makaho ko kurma na ƙauyukan nan, ina zai yi karatu? Akwai makarantar musamman ta A. A. Raji a birnin Sakkwato, amma ba za ta iya ɗaukar kowa ba, kuma ba kowane uba ke da halin kai ɗansa can ba. Saboda haka abin da ya rage wa da yawa shi ne firamaren garinsu, ko kuwa ƙoƙon bara.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ba su ilimi kyauta har sakandare. Madalla. Sai dai doka ba ta riƙe alli. Malami ne zai sake hanyar koyarwarsa domin yaron ya samu abin da sauran suke samu.

Da fari, a gane yaron. Sanƙarau, irin wanda ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017, yakan bar yaro da kurumta. Ƙyanda kuma takan ɓata ido. Yaro ya warke ya koma aji, sai a ce ya zama daƙiƙi ko mai taurin kai, a bi shi da bulala, alhali kuwa bai ji abin da aka faɗa ba ne. Ku tsaya a bayansa ku kira sunansa a hankali. Ku lura ko yana manna littafi a fuskarsa. In kun ga alama, a kai shi asibiti.

Wanda ba ya ji sosai, a zaunar da shi a gaba. Malami ya dube shi sa'ad da yake magana, kada ya yi bayani yana fuskantar allo, gama yaron da ido yake sauraro. A nuna masa abu tukuna, kana a rubuta sunansa. Kurame kuma suna da maganar hannu tasu, bai kamata a hana su ba. Gwamma malami da 'yan aji su koya.

Wanda ba ya gani sosai, a yi masa manyan baƙaƙe, malami kuma ya riƙa faɗin duk abin da yake rubutawa. Lissafi da tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa yake shiga. Ana iya manna zare a kan kwali a siffar baƙi domin ya shafa. Makaho sarai kuwa yana bukatar rubutun makafi, wanda Louis Braille na Faransa ya shirya da ɗigo 6 yana ɗan shekara 15. A ƙasarmu, makarantar makafi ta Gindiri tana wannan aiki tun 1953.

Gurgu kuwa, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Dakalin ƙofar aji ne abokin gābansa. 'Yar gangara ta ƙasa da siminti ta isa. A lokacin jarrabawa a ƙara wa irin yaran nan lokaci, ko a tambaye su da baki. Ba sauƙaƙa darasi muke nufi ba. Darasin ɗaya ne, hanyar ce ta bambanta.

Iyaye, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ku ɓoye yaro a ɗaki don kunya. Ku je wurin hedimasta da kanku, ku gaya masa abin da ɗanku yake iyawa da abin da yake masa wuya. Ku sa yayansa ko yayarsa su riƙa maimaita masa darasi da yamma. In kuma akwai irin yaron nan a gidan maƙwabcinku, ku karanta masa wannan shafi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.