Hasashen Damina da Haƙƙin Mutanen Ƙauye

Kowace shekara, tun kafin zafin bazara ya kankama, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda ake kira NiMet, takan tara manya a Abuja ta bayyana hasashenta game da damina, wato lokacin da ake zaton saukar ruwa a kowace jiha, da lokacin ɗaukewarsa, da wuraren da ake tsoron fari ko ambaliya. Haka nan cibiyar AGRHYMET ta birnin Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya halaka dukiyar Sahel, takan yi wa ƙasashen yankin irin wannan hidima. Aiki ne na ilmi wanda ya cancanci yabo. Sai dai abin da ke damuna shi ne, mutumin da ya fi kowa bukatar wannan bayani, wato manomin ɗan ƙauye a ƙasar Gumel ko Daura, sau da yawa shi ne na ƙarshen ji, in ma ya ji.

Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ba zai gane nauyin al'amarin ba. A can arewa ƙurya damina ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, ruwan farko kuwa mayaudari ne, domin yakan sauka kamar da gaske, magidanci ya buɗe rumbu ya ɗebi irin da ya hana 'ya'yansa ci tun kaka, ya shuka, sa'an nan sama ta yi shiru mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, a wayi gari ba iri, ba kuɗin sayen wani. Da an gaya masa ana tsoron fari bayan shuka, da ya jinkirta. Da ya san daminar gajera ce, da ya fifita gero da wake mai saurin nuna a kan dawar da ke bukatar dogon lokaci.

Akwai masu ƙyamar hasashe, suna ganinsa kutse ne cikin ilmin gaibu. Lalle saukar da ruwa na Allah ne Shi kaɗai, kuma shari'a ta hana jingina shi ga tauraro. Amma lura da alamomi bisa al'adar da Allah Ya gudanar a halittarsa zato ne mai rinjaye, ba da'awar yaƙini ba ce. Kakanninmu sun kasance suna duban isowar shamuwa, da kakkaɓewar ganyen gawo, da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, ba wanda ya tuhumi imaninsu. Annabi Yusufu, alaihissalamu, tanadin shekara bakwai ya yi wa Masar, alhali kuwa yana cikin manyan masu tawakkali.

Saboda haka amana ce a wuyan hukuma ta fitar da hasashen damina daga takardun Turanci, a faɗe shi da Hausa da Fulatanci da Barbarci a gidajen rediyo, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a kuma danƙa shi ga malaman gona da masu unguwanni da limamai kafin watan Mayu, tare da gaya wa jama'a gaskiya cewa hasashe yana iya kuskure, don kada kuskuren shekara guda ya sa su toshe kunne a shekara mai zuwa.