Faston Kaduna, Filo, Da Rigimar Gidanmu

 Yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ce me ya kai ɗan Makka can. To a yi haƙuri dai a karanta har ƙarshe kafin a aiko min da raddi.

Yawancinmu da aka haifa a garin nan ba mu taɓa zama da Kirista mai jin Hausa ba. Kowa ya san allon nan na Shumaisi a kan hanyar Jidda, wanda yake nuna wa wanda ba Musulmi ba inda zai kauce. Haka muka taso, a ganinmu duk mai cewa "sannu da aiki" mai salla ne. A aikin Hajjin da ya wuce ina tura wani dattijo ɗan Kaduna a keken sa'ayi, sai yake ba ni labari cewa maƙwabcinsa da ya raka shi filin jirgi Kirista ne, kuma wai ya fi ni Hausa nesa ba kusa ba. Na ji haushin maganar, amma gaskiya ya faɗa, tunda ni rabin Hausata Larabci ce. Shi ne ya fara ambata min sunan Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, ya ce in na koma gida in nemi fim ɗinsu a intanet. Na nema na kalla, ga shi har yau abin bai bar raina ba.

A shekarar 1992 rikicin Zangon Kataf ya fantsamo cikin garin Kaduna. A lokacin Wuye yana cikin jagororin matasan Kirista, Ashafa kuma yana cikin na matasan Musulmi, kowanne da yaransa masu makami. A wannan faɗan aka sare wa Wuye hannun dama. Shi kuwa Ashafa aka kashe masa malaminsa, dattijo, da 'yan uwansa biyu. Sai a 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka biyun ya haɗa hannunsu a wurin wani taro, ya ce su zauna su yi magana. Suka fara aiki tare, suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista a Kaduna, ana gayyatarsu gari gari.

Wurin da ya tsaya min a rai shi ne abin da Wuye ya faɗa da bakinsa: kusan shekara uku suna yawo tare, suna kwana ɗaki ɗaya a masauki, amma in dare ya yi Ashafa ya yi barci, sai ya ji zuciyarsa tana raya masa ya ɗauki filo ya danne masa numfashi. Da rana suna kan dandamali suna wa'azin zaman lafiya, da dare kuma ga abin da yake ciki. Har Ashafa ya je asibiti duba mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, abin ya taɓa shi, amma bai gama wanke zuciyar ba. Abin da ya karya shi a ƙarshe maganar wani babban fasto ce a Abuja, wanda ya nuna masa cewa ba zai yiwu ya yi wa mutane wa'azin Almasihu ba alhali yana ƙinsu a ransa.

Me ya sa wannan magana ta yi masa nauyi haka? Sai ka san abin da Kirista suke kira ceto tukuna za ka gane. Kiristocin Arewa da Hausa suke ibada a coci coci da yawa, Allah suke cewa, Ubangiji suke cewa, kuma tun 1932 aka buga musu Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi jagoranci. A aƙidarsu ɗan Adam mai zunubi ne da ba zai iya biyan bashin da yake kansa da aikinsa ba, sai dai a yafe masa kyauta, abin da suke kira alheri, ta hanyar mutuwar Yesu a kan gicciye. Mu dai Musulmi ba mu yarda da wannan ba, a wurinmu Annabi Isa (AS) ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma ba na nan don in cakuɗa addini biyu. Amma ku dubi inda aƙidar take kai mai ita. In har ka yarda cewa kyauta aka yafe maka, da wane ido za ka riƙe wani?

A Linjilar Matiyu sura ta 18 akwai misalin wani bawa da sarki yake binsa talanti dubu goma, kuɗin da ko zai yi ta aiki har ya mutu ba zai biya ba. Ya roƙa, sarki ya yafe masa duka. Fitarsa ke da wuya sai ya ci karo da ɗan uwansa bawa da yake bi dinari 100 kacal, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Da labari ya kai wa sarki sai ya janye yafiyar. Haka ma a addu'ar da suke yi kullum, suna roƙon a gafarta musu ne gwargwadon yadda su ma suke gafarta wa waɗanda suka yi musu laifi. Ke nan duk daren da Wuye ya kalli filon nan, ceton da yake wa mutane wa'azinsa ne yake shirin ɓarar da nasa. Yafe wa Ashafa ta zama masa dole, ko yana so ko ba ya so.

Shi ma Ashafa ba dare ɗaya ya sauko ba. Ya ce huɗubar wata Juma'a ce ta sa shi kuka, da liman ya kawo labarin zuwan Manzon Allah (SAW) Ɗa'ifa, yadda aka sa yara suka jefe shi har jini ya zuba, aka ba shi zaɓin a halaka garin, ya ƙi. Ɗa'ifar nan fa tamu, wadda muke hawa ta Hada mu je shan iska da cin gasasshiyar masara lokacin zafi. Mutum yana Kaduna labarin ya juya masa rayuwa, mu da muke zuwa da ƙafarmu hoto kawai muke ɗauka. Kuma wannan ma'aunin na "yafe a yafe maka" muna da shi a Suratun Nur, inda Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara taimakon Misɗahu ba saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, aka saukar da aya tana tambaya ko ba sa son Allah ya gafarta musu, nan take ya mayar masa da abin da yake ba shi.

Kada wani ya ɗauka labarin nasu ya ƙare kamar fim ɗin Indiya. A watan Agustan 2002 sun taimaka malamai da fastoci 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, watanni uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke a garin, aka sake zubar da jini. Suka ci gaba. Sun shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe kashen 2004, sun je Kenya bayan rikicin zaɓen 2007, a 2025 ƙungiyar Commonwealth ta ba su lambar yabo ta zaman lafiya. Hannun Wuye dai bai dawo ba, na roba yake sawa.

To ga dalilin da ya sa na kawo duk wannan. A gidanmu Baba da Baffa, uwa ɗaya uba ɗaya, sun fi shekara goma ba sa magana, a kan wani fili na gado a Kano da aka sayar ba da sanin ɗaya ba. Ni ban taɓa ganin filin ba, su ma rabonsu da Nijeriya tun ban yi wayo ba. Duk Ramadan a Harami suke tarawihi, amma kowa ya san ƙofar da ɗan uwansa yake bi don ya kauce mata. Mu 'ya'ya mun gaji faɗan kamar yadda muka gaji sunan dangi a iƙama. Na haɗu da ɗan Baffa a baƙala sau ba adadi, sai dai kowa ya duƙufa a kan wayarsa. In ka tambayi Baba sai ya ce, "Ni ai na yafe tuni, Allah ya isa kawai." Ku ji fa, yafiya da Allah ya isa a numfashi ɗaya.

Da can ina ganin sai zuciya ta huce sannan ake zuwa a gaisa. Labarin Wuye ya nuna min cewa wani lokacin ƙafa ce take fara zuwa, zuciya ta biyo baya da shekara uku. Ko Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, da ya musulunta Manzon Allah (SAW) ya karɓe shi bai ɗauki fansa ba, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Ciwon yana nan, an dai ajiye takobin.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar muna shan shayi na ba Baba labarin nan tun daga farko. Na zaci zai ce in rabu da shi da zancen Nasara. Ya yi shiru, can sai ya ce, "Hannun dama ka ce?" Na ce eh Baba, na dama. Ya ce, "Kuma suna cin abinci tare?" Na ce har yau. Bai ƙara cewa komai ba, ya tashi ya tafi alwala.

Wata mai zuwa za a ɗaura auren 'yar Baffa. Katin ya iso gidanmu ta hannun Gwaggo, yana nan a kan firij, ba wanda ya yaga shi, ba wanda ya buɗe. Ni dai na riga na kai farar jallabiyata wurin guga, kuma na faɗa wa Baba cewa motar tana da wurin mutum biyu.

Wanda yake da irin wannan a gidansu ya rubuto mana, ba sai ya sa suna ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.