Daga Kabo Zuwa Gwarzo: Mu Ɗanɗani Abincin Ƙauye Kafin Ya Zama Labari

 

Yau maganar ciki za mu yi. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, musamman mu da muka tashi a birni. Da zarar tafiya ƙauye ta kama, ko bikin aboki ne, ko koyarwar gwaji, ko hutu wajen kakanni, sai a cika jaka da Indomie da biskit da madarar gwangwani. A je a kwana uku a dawo, ba a san abin da mutanen garin suke ci ba. In ka tambaya sai a yatsina fuska a ce, "Ai abincin ƙauye ne." Alhali a cikin wannan abincin akwai ilimin da babu shi a littafin kowane darasi, kuma masu riƙe da shi tsufa suke yi.

A hutun da ya wuce, daidai shigowar kaka, na raka wani abokin karatuna garinsu a ƙaramar hukumar Kabo. Hanyar sananniya ce: ka bar Kabuga, ka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, kana ta nausawa yamma. Ita ce dai hanyar da ke kaiwa Gwarzo, ta zarce Dayi a Jihar Katsina.

Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne, yawancin wuraren sayar da abinci a ƙauye ba su da allo. Cikin gida ake yi. Akwai gidan mai waina, akwai gidan mai ɗanwake, akwai gidan mai tubani, kowa a garin ya san su. Yaro za ka tambaya ya nuna maka, ko a ba shi kwano ya karɓo. Kowane abinci kuma da lokacinsa: koko da ƙosai da sassafe, ɗanwake da hantsi, fura da rana, tuwo da dare. In ka makara, sai gobe.

A ƙofar wani gida na ga wata dattijuwa da ƙwarya a gabanta, cike da ganye an kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli. Ba zogale ba ne, ba kuma rama ba.

"Inna, wannan wane ganye ne?"

"Kai yaro, ba ka san yaɗiya ba? Ga ta can tana bin darni."

Yaɗiya tsiro ne mai yaɗo, ba a shuka ta, ita take fitowa da kanta. Ana tsinko ganyen a dafa, a matse, a kwaɗa da garin ƙuli da albasa da gishiri da ɗan yaji. Tana da ɗan ɗaci da farko, amma ƙulin yana kwantar da shi. Haka ake yi wa tafasa, wadda mu a birni muke gani a kango mu ɗauka ciyawa ce kawai, haka kuma ɗinkin, wato ɗanyen tohon bishiyar ɗinya. Innar ta ce irin waɗannan ganyaye su ne suke riƙe gida a tsakiyar damina, lokacin da hatsin rumbu ya ja baya, sabo kuma bai nuna ba. Sanin wane ganye ake ci, wane ne ba a ci, da yadda ake cire masa ɗaci, shi ya raya kakanninmu a shekarun yunwa.

Da dare aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, an zuba man shanu. Na sha cin miyar kuka a gida, amma wannan ƙamshinta daban ne, kuma sirrin yana wajen daddawa. Washegari mahaifiyar abokina ta nuna mini yadda ake yin ta. Kalwa, wato ƙwayar 'ya'yan ɗorawa, ake dafawa na tsawon sa'o'i har ta yi laushi, a surfa a cire ɓawon, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta ruf kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Wannan ruɓar ita ce aikin ƙananan halittun da malamanmu na kimiyya suke zana mana a allo, ga shi ana yin sa a tsakar gida ba tare da ɗakin gwaji ba. Akwai kuma daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Warinta ya fi ƙarfi, masu son ta kuwa ba sa haɗa ta da komai.

Daga nan muka ƙarasa Gwarzo, muka leƙa kasuwar Getso, wadda ta yi suna wajen hatsi da dabbobi. A gefen kasuwa rumfunan masu abinci ne a jere, rufin kara, benci ɗaya, buta a bakin ƙofa. Babu takardar zaɓen abinci, tukunya za ka nuna. Nan na ci dambun tsakin masara da zogale, na kora da fura da kindirmo da wata Bafulatana ta dama a gabana, ana jin citta da kanumfari a ciki. Abin da na kashe bai kai kuɗin farantin shinkafa ɗaya a makaranta ba, kuma har magariba ban nemi komai ba. Kafin mu fita abokina ya sayi soyayyar fara da yaji. Ƙafafu da fikafikai ake cirewa, sauran kuwa ƙurus-ƙurus, kamar ƙananan kifi soyayye.

Wataƙila wani ya yi dariya da jin fara. To, a shekarar 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum kusan biliyan 2 a duniya suna cin ƙwari, kuma a 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da wani nau'in fara a matsayin abinci. Garin 'ya'yan kuka ya samu irin wannan izini tun 2008. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero. Abin da muke jin kunyar ci a gaban abokai, wasu a kwalba suke sayen sa da tsada.

Abin damuwar shi ne tushen abincin yana ƙarewa. Ɗorawa da ɗinya da kanya bishiyoyi ne masu ɗaukar shekaru kafin su yi 'ya'ya, ga masu itace da gawayi suna sara, masu dasawa kuma kaɗan ne. In babu ɗorawa babu kalwa, in babu kalwa sai dunƙulen kanti. Mahaifiyar abokina ta ce a cikin 'ya'yanta mata ɗaya ce kawai ta tsaya ta koyi daddawa.

Ban ce a ci duk abin da aka gani ba, rigakafi ya fi magani. Ku zaɓi abin da aka sauke da zafinsa, ku guji wanda ƙuda ke bi. Ku wanke hannu da sabulu, ku kula da ruwan da za ku sha da wanda aka dama fura da shi, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. Ɗanyen rogo mai ɗaci yana da guba, kada a ci sai an jiƙa an sarrafa shi. Fara ma a tambayi inda ta fito, saboda feshin maganin ƙwari a gonaki. Wanda ya san wani abu ba ya karɓar jikinsa, ya haƙura da shi.

Ga aikin gida, ba na maki ba. Duk wanda zai je ƙauye a wannan hutu, ya rage kayan jakarsa, ya ɗanɗani abu ɗaya da bai taɓa ci ba. Ya durƙusa ya gaida mai yin sa, ya tambayi sunansa da yadda ake haɗa shi, ya rubuta a littafi. Masu neman batun binciken kammala karatu, musamman 'yan sashen Hausa da aikin gona da kimiyyar abinci, ga fage nan a buɗe. Wanda ya samo wani abinci na garinsu da ba kowa ya sani ba, ya aiko mana, mu kawo shi a wannan fili kowa ya ƙaru.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Na bar ku lafiya.