Wane Ne Lamba Ɗaya?

A shekarar 1967 ne gidajen telebijin na Ingila suka fara nuna wani wasa mai kashi 17, sunansa The Prisoner, watau Fursuna. Labarin wani ɗan leƙen asiri ne wanda ya ajiye aikinsa cikin fushi, aka busa masa hayaƙin sa barci a gidansa na London, sai farkawa ya yi a wani ƙauye mai kyaun gani a bakin teku. A can ba a kiran kowa da suna sai da lamba, shi kuwa aka laƙaba masa Lamba Shida. Abu guda masu ƙauyen suke nema a bakinsa, watau dalilin murabus ɗinsa. Ya ce atafau ba zai faɗa ba.

Tun daga lokacin masu sha'awar wasan ba su daina musu ba. Wasu sun rantse cewa Lamba Shida shi ne John Drake, ɗan leƙen asirin da Patrick McGoohan ya fito a matsayinsa cikin wasan Danger Man kafin wannan. George Markstein, wanda ya tsara labaran farko, yana tare da su. McGoohan kuwa, wanda shi ne uban tafiyar, ya musanta. Masu zargi suka ce ai dole ya musanta, domin in ya amsa sai an biya Ralph Smart, wanda ya ƙirƙiri Drake. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kashe maganar ba.

Babbar rigimar tana ga kashin ƙarshe, wanda aka nuna a 1968. Jama'a sun ƙosa su ga Lamba Ɗaya, shugaban ƙauyen da ba a taɓa gani ba. Da Lamba Shida ya fizge abin rufe fuskarsa sai ga fuskar biri, da ya cire wannan kuma sai ga tasa fuskar. Ran mutane ya ɓaci ƙwarai, har McGoohan ya ce sai da ya ɓuya.

To, mene ne nufi? Ɓangaren Markstein suna ganin labarin leƙen asiri ne tsantsa, irin na gidan Inverlair a ƙasar Scotland, inda aka tsare wasu ma'aikatan asiri a Yaƙin Duniya na Biyu, sai McGoohan ya ɓata shi da surkulle. Ɗaya ɓangaren suka ce ƙauyen ai duniyarmu ce, mutum kuma shi ne gandiroban kansa. Waɗannan sun fi riƙe hujja, ko da yake wasunsu kan wuce gona da iri, har launin laima sai sun yi masa fassara.

McGoohan ya rasu a 2009, masoya wasan kuwa sun ci gaba da ziyartar Portmeirion a yankin Wales, inda aka ɗauki hoton ƙauyen. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne, da fursunan ya kuɓuta ya koma London, ƙofar gidansa mai lamba 1 da kanta ta buɗe, daidai yadda ƙofofin ƙauyen suke yi.