Ƙaguwar Rafin Randagi da 'Yar'uwarta ta Teku

Akwai wata al'ada a makarantunmu wadda ya kamata a sake dubawa. In an zo darasin halittun teku, sai malami ya rubuta sunaye a allo, yara su haddace, a tashi. Hujjar malamai ita ce, yaron da aka haifa a Randagi bai taɓa ganin teku ba, mai yiwuwa kuwa har ya tsufa ba zai gani ba. Ni a ganina wannan hujja ba ta da ƙarfi, gama ƙaguwar da ke cikin rafin bayan gari ta isa ta buɗe masa ƙofar wannan ilmi.

Kowa ya san murjani na wuyan mata. To, waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne na ruwa ke gina shi. Danginsu na tekuna masu ɗumi suna gina duwatsu masu rassa, har akwai wani jeri nasu a gefen Ostareliya mai tsawon mil 1,400. Cikin rassan nan akwai ƙaguwoyi iri biyu masu ban mamaki. Ta fari, wadda masana ke kira Trapezia, faɗinta bai fi inci guda ba. Miji da mata sukan zauna a gida ɗaya, suna cin majinar da murjani ke fitarwa, su kuma suna share masa laka, in wata dabba mai ƙaya ta zo cinsa su mintsine ta har ta gudu. Ta biyu kuwa, wadda William Stimpson ya bayyana a 1859 daga Hawai, macen takan sauka kan reshe tun tana ƙarama, murjani ya yi ta girma har ya kewaye ta, sai 'yan kafofin da ruwa ke shiga. Nan za ta zauna har mutuwa. Irinta sun fi 50.

Sai mai hankali ya tambaya, yaya dabbar da ba ta barin ɗakinta ta bazu haka? Ga shi ana samun Trapezia tun daga Bahar Maliya har gaɓar Panama. Asirin yana ga 'ya'yan. Ƙwai yakan ƙyanƙyashe ƙananan tsutsotsi, igiyar ruwa ta kwashe su makonni, wanda ya dace da murjanin da ya saba da shi ya sauka. A cikin shekaru miliyoyi kowane iri ya daidaita da mai masaukinsa, har siffar jikinsa ta sake.

Ƙaguwar rafukanmu, masu gangarawa kogin Mariga, masana sun tabbatar kakanninta daga teku suka fito, amma ta bi wata hanya dabam. Ƙwanta kaɗan ne, manya-manya, uwa takan riƙe su a ƙarƙashin cikinta har su fito da cikakkiyar siffar ƙaguwa, ta ci gaba da goyonsu. Da rani ta haƙa rami ta bi danshi. Saboda haka zuriyarta ba ta yin nisa, inda aka haife ta nan take zama. Yaron da ya juya ƙaguwa ya ga 'ya'ya maƙale a cikinta, aka ce masa ta teku ba ta goyo, ruwa take ba wa nata, ya fahimci dalilin bazuwar wannan da zaman waccan fiye da wanda ya haddace shafi goma.

Darasin kuwa bai tsaya nan ba. A 1998 da 2016 zafin ruwa ya kashe murjani mai yawa, in gida ya mutu kuwa mai gadinsa ba shi da mafaka. A 2009 wani bincike da Neil Cumberlidge ya shugabanta ya duba ƙaguwoyin ruwan daɗi iri 1,280, aka tarar wajen ɗaya cikin shida na cikin haɗarin ƙarewa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A ƙasar Birnin Gwari masu wankin zinariya suna cika rafuka da laka, ga saran itatuwan bakin ruwa. Tamu in ta ƙare a rafi, babu igiyar teku da za ta kawo wata.

Na sani za a ce shekarun rashin tsaro sun hana kai yara daji. Gaskiya ne, kada malami ya sa ran yaro cikin haɗari saboda darasi. Amma bokiti guda da ruwa da yashi ya isa. Masunta su kawo ƙaguwa, yara su duba, su zana, su ƙirga ƙafafunta goma, da yamma a mayar da ita. Ba a bukatar ko kwabo daga baitulmali.

Saboda haka ina roƙon malamai su sa wannan cikin tsarin aikinsu na damina, kwalejojin horon malamai kuma su koya wa ɗalibansu yin haka. Ku kuma malaman ofis, in takardar izinin haƙa ko sara ta biyo ta teburinku, ku tambaya ina rafi yake kafin ku miƙa ta gaba.