SHARHI: Bukukuwan da babu saye babu sayarwa, amma kuɗi ke neman durƙusar da su

A ƙarshen shekarar 2024, ƙungiyar da ke shirya bikin Burning Man a Amurka ta fito tana roƙon magoya bayanta su tallafa mata da kusan dala miliyan 20. Bikin kuwa ya yi suna ne a kan cewa kuɗi ba ya aiki a cikinsa. Mahalarta kan kafa tantuna na mako guda a hamadar Black Rock ta jihar Nevada, su baje ayyukan fasaha, su yi wa juna kyautar abinci da kiɗa, babu talla babu ciniki in ban da ƙanƙara. A shekarar ce kuma tikiti ya yi kwantai, karo na farko tun 2011. Idan uwa ta shiga wannan hali, ina ga 'ya'yanta?

'Ya'yan nan suna da yawa. Tun bayan da Larry Harvey da Jerry James suka ƙona mutum-mutumin katako a bakin tekun San Francisco a 1986, al'adar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama: Kiwiburn a New Zealand, Nowhere a Sifaniya, sai AfrikaBurn da aka fara a 2007 a yankin Tankwa Karoo na Afirka ta Kudu. A 2004 Harvey ya rubuta ƙa'idoji goma domin waɗannan rassa, ciki har da dogaro da kai, haramta tallan kamfanoni, da barin fili tsaf kamar yadda aka same shi. Galibin aikin, daga tsaron ƙofa zuwa tsintar shara, 'yan sa-kai ke yi.

Sai dai aikin gayya albashi kawai yake ɗaukewa, ba ya ɗauke alhaki. Hayar fili, banɗakuna, inshora, ma'aikatan jinya, man janareta da takardun izini duk da tsabar kuɗi ake biya, kuma akasari watanni kafin a buɗe ƙofa. Tunda an haramta tallan kamfanoni, tikiti da gudummawa ne kaɗai mafita. Shekara ɗaya ta ɓaci, asusu ya girgiza. Annobar korona ta hana gudanar da Burning Man da AfrikaBurn a 2020 da 2021. Shi kuwa Kiwiburn, tun a 2019 aka soke shi saboda ba a samu izinin ƙaramar hukuma a kan lokaci ba. Takarda guda ta rushe shirin shekara.

Matsalar ba ta tsaya ga wannan dangi na bukukuwa ba. A Birtaniya, ƙungiyar masu shirya bukukuwa masu zaman kansu, AIF, ta ƙirga bukukuwa 78 da aka soke, aka ɗage ko aka rufe a 2024, fiye da ninki biyu na 36 da aka samu a 2023. Ta nemi gwamnati ta rage harajin tikiti daga kashi 20 zuwa kashi 5 cikin 100. A Afrilun 2025 kuma aka sanya hannu kan dokar da ake kira ta Martyn, wadda ta biyo bayan harin Manchester na 2017, kuma za ta wajabta wa manyan taruka tanadin matakan kariya daga ta'addanci. Dokar na da hujja, amma a bikin gayya nauyinta zai sauka ne a wuyan wanda ba a biyan shi ko sisi.

Ruwan saman da ya maƙale kimanin mutum 70,000 cikin taɓo a Black Rock a 2023 ya nuna fuska biyu ta lamarin. Ƙa'idar dogaro da kai ta yi rana, domin jama'a sun zo da guzuri kuma sun raba wa juna. Amma rufe hanya da tuntuɓar hukumomi aiki ne na ma'aikatan dindindin, abin da ƙaramin biki ba shi da shi. A can, mutane ƙalilan ke ɗaukar komai shekara da shekaru, kuma ranar da suka gaji, bikin ya gaji.

Akwai kuma tambayar wa ke iya shiga. Tikitin Burning Man na 2024 dala 575 ne, ban da sufuri da guzuri. Ƙidayar mahalarta ta 2014 ta nuna baƙaƙen fata ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. AfrikaBurn ma ya sha irin wannan suka, har ya tanadi tikiti mai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Ko sa-kai ɗin kansa sai mai sararin barin aiki na kwanaki.

Saboda haka ɗorewar ƙaramin biki ta rataya ne a kan ayyukan da ba sa burge kowa: rajistar ƙungiya domin kada alhaki ya faɗa kan mutum ɗaya, ƙayyade yawan mahalarta, ajiyar kuɗin da za ta ɗauki shekarar da aka soke, bayyana lissafi ga jama'a, da horar da magada tun shugabanni ba su gaji ba. Duk wata tafiyar sa-kai, ta fasaha ko ta siyasa, da ta raina waɗannan, ba ta da tabbacin ganin baɗi.